Shuɗin Akwatin Da Ya Rabu Da Littafinsa

'Yan uwa marubuta, mun san cewa idan aka ce mujallar adabi, abin da mai karatu zai sa rai ya gani shi ne waƙa, ko gajeren labari, ko sharhin wani sabon littafi, ko kuma 'yar muhawarar nan tamu da ba ta ƙarewa a kan ƙa'idojin rubutu. To, yau dai sai a yi mana haƙuri, domin batun inji muka zo da shi. Injin ma tsoho tukuf, wanda ya haura shekara 80 a duniya, wanda kuma da yawa daga cikinmu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Dalilin da ya sa muka kawo shi wannan fili kuwa shi ne, a cikin shekara biyu da muka kwashe muna fama da shi, takarda ce ta fi ƙarfe da waya ba mu wahala. Sha'anin takarda kuwa ai namu ne.

Sunansa na yanka Link Trainer, amma matuƙa jirgin saman da suka sha gumi a cikinsa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu sun fi kiran sa Shuɗin Akwati. Ɗan ƙaramin jirgi ne na katako, jikinsa shuɗi, 'yan guntayen fukafukansa da wutsiyarsa ruwan ɗorawa, an girke shi a kan wani dandamali. Wanda ya gan shi bai sani ba, sai ya ɗauka lilon yara ne irin na ranar salla. Mutum ɗaya yake ɗauka. Idan ya shiga ya zauna, sai a ja murfi a rufe shi ruf, ba ya ganin komai sai agogunan da ke gabansa. Daga nan akwatin zai riƙa sunkuyawa, yana ɗagowa, yana karkata, yana kewayawa, gwargwadon yadda na ciki ya sarrafa sanda da feda. Ko taƙi ɗaya ba ya barin ƙasa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin matsalar da aka ƙera shi dominta. Mutum yana gane sama da ƙasa ne ta hanya uku: ido, da nauyin jikinsa a kan ƙafa ko mazauni, da kuma wasu 'yan lanƙwasassun bututu guda uku da Allah Ya halitta a can cikin kowane kunne, cike da ruwa. Idan kai ya juya, ruwan nan yakan ɗan yi nawa kafin ya bi, wannan nawar ce ƙwaƙwalwa ke fassarawa da cewa ana juyi. To amma idan juyin ya ɗore bai ƙaru ba bai ragu ba, kamar na sakan 20, sai ruwan ya tarar da bututun su tafi tare, kunne ya ce ai an daina juyawa. Haka nan idan karkata ta zo a hankali ƙwarai, kunnen ba ya jin ta ko kaɗan. Muddin ido na hangen inda sama ta haɗu da ƙasa, yana gyara wa kunne kurensa. Amma da zarar jirgi ya kutsa cikin gajimare, ko dare marar farin wata, ko hazo irin namu na hunturu wanda mutum ke kallon rana kamar faifai, ido ya tashi daga aiki ke nan. Matuƙi zai rantse jirginsa a miƙe yake, alhali kuwa ya karkace yana zagaye yana gangarowa. Da ya lura yana yin ƙasa sai ya ja sanda baya don ya hau, jan nan kuwa ƙara matse zagayen yake yi. A shekarar 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agogo ba, aka tsare musu ganin waje. Dukkansu jirgin ya kuɓuce musu, idan aka raba lokacin daidai kuma kowa sakan 178 ya samu, wato minti uku ma ba su cika ba. Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu, a nan kam su biyun ne suka haɗu.

Maganin abin shi ne mutum ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogo. Ranar 24 ga Satumba, 1929, wani hafsan sojan Amurka, Jimmy Doolittle, ya nuna haka na yiwuwa, ya tashi da jirgi ya zagaya ya sauka a lulluɓe, agoguna kawai yake kallo. A wannan shekarar ce kuma wani saurayi mai suna Edwin Link ya kammala akwatinsa na farko a garin Binghamton na Jihar New York. Mahaifinsa yana da masana'antar ƙera ogan, wato abin kiɗan nan na coci, da kuma piyano mai kaɗa kansa, dukkansu kuwa da iska da zugazugi suke aiki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saurayin yana son tuƙin jirgi, kuɗin koyo ya yi masa tsada, sai ya kwashi zugazugan gidansu ya shekara ɗaya da rabi yana harhaɗawa. An ba shi takardar mallakar fasahar a 1931, amma masu saye na farko yawancinsu masu filayen wasa ne, a jefa kwabo a hau a yi dariya. Sai a 1934, lokacin da gwamnatin Amurka ta karɓe jigilar wasiƙu daga hannun kamfanoni ta ba sojan sama, a tsakiyar sanyi da ƙanƙara, cikin kwana 78 mutum fiye da goma suka halaka. Nan fa hafsoshi suka tuna da mai akwati. Ranar da aka sa za a gana a Newark gari ya rufe da hazo har sun fid da ran zai zo, sai ga shi ya sauko da jirginsa, da agogo ya tuƙo. Suka sayi guda shida, kowane kusan dala 3,500. Da yaƙi ya ɓarke aka ƙera fiye da 10,000, har da wata masana'anta a Gananoque ta ƙasar Kanada, matuƙan Amurka kaɗai da suka bi ta cikinsa sun haura 500,000.

Kada mai karatu ya ga kamar labarin ya yi nisa da gida. Jiragen farko sun sauka Kano tun Nuwamban 1925, daga 1940 kuma Kano da Maiduguri suka zama zango a hanyar da Ingila ta bi ta kai dubban jiragen yaƙi Masar, ana harhaɗa su a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a bi da su ta Fort Lamy, wato Njamena, da Alfashir da Hartum. Samarin da suka ratsa hazonmu da waɗannan jirage 'yan zamanin Shuɗin Akwati ne.

Mu uku ne, 'yan Arewa da neman ilimi da na abinci ya haɗa a gabashin Ingila. Yankin cike yake da kufan filayen jiragen da Amurkawa suka zauna tsakanin 1942 da 1945, mutanen ƙauyukan kuma sun mai da wasu daga cikin tsofaffin gine-ginen 'yan ƙananan gidajen tarihi, waɗanda 'yan fansho ke kula da su kyauta. A ɗaya daga cikinsu muka tarar da akwatin a 2022, a kusurwa, an rufa masa tamfol. Kwamitin gidan ya riga ya yanke shawara: idan 2024 ta ƙare bai motsa ba, kuma babu rubutacciyar shaidar cewa ba zai ja wa kowa lantarki ko gobara ba, za a kwashe kayan cikinsa a bar ƙwarya yara su riƙa ɗaukar hoto. Ba mu ga laifinsu ba, ɗaki ƙarami ne, kamfanin inshora kuma ba ya jin lallashi. Ɗayanmu injiniyan lantarki ne. Na biyu likitan dabbobi ne amma ɗan gidan maƙera, wanda da ya leƙa ƙarƙashin akwatin ya ga zugazugai sai ya ce ai wannan ɗan uwansa ne. Na ukunmu, mai riƙe da wannan alƙalami, aka ba shi muƙamin magatakarda, tunda ba ya bambance sifana da filaya.

Yadda abin ke aiki yana da ban sha'awa, domin babu kwamfuta a ciki ko ta sisin kwabo. A cikin dandamalin akwai injin lantarki mai juya fanka, aikinta zuƙe iska. Jikin jirgin yana zaune ne a kan gaɓa guda mai lanƙwasuwa ta kowace fuska, manyan zugazugai huɗu na riƙe da shi, gaba da baya, dama da hagu. Sandar tuƙi a haɗe take da bawul. Ka tura ta gaba, bawul ya buɗe hanyar zuƙa zuwa zugazugin gaba, ya tsuke, ya jawo hancin ƙasa. Kewayawa kuwa aikin wasu ƙananan zugazugai goma ne da ke tsukewa bi da bi suna juya ƙarfe, shi kuma ya ja bel. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ake ƙirƙirar bisa. Akwai wani tanki da ake rage masa iska idan hanci na sama, a mayar masa idan hanci na ƙasa, agogon bisa kuma matsin cikin tankin yake karantawa, kamar yadda na jirgin gaske ke karanta matsin iskar sararin sama. Akwai ma wata 'yar dabara da ke buɗe ƙananan ƙofofi ba bisa tsari ba, iska ta shiga zugazugan, akwatin ya kama tangaɗi kamar an shiga guguwa. Gefe guda kuma ga teburin malami, da tagwayen agoguna, da taswira, da wata 'yar na'ura mai taya uku da ake kira ƙaguwa, wadda ke rarrafe a kan taswirar tana zana jan layi duk inda ɗalibi ya bi.

Zugazugan duk sun ruɓe, ƙyallensu mai roba ya bushe yana karyewa kamar ƙanzo. A nan Allah Ya haɗa mu da wani dattijo daga cikin masu aikin sa-kai, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran ogan a coci-coci. Muka sa masa Baba, da aka faɗa masa ma'anar kuwa ya ce ya karɓa. Shi bai taɓa hawa jirgin da ya wuce na fasinja ba, amma da ya ɗora hannu a kan akwatin ya san harshensa. Yakan ɗauki siririn tiyo, ya sa baki ɗaya a kunne, ya bi da ɗayan gefen zugazugi yana sauraren inda iska ke sata, kamar likita a ƙirjin majinyaci. Ƙyallen piyano ya sa muka sayo, gam kuma ya ce sai wanda ake dafawa daga fatar dabba, domin wanda zai zo gyara bayanmu ya iya ɓamɓarewa da ruwan zafi ba tare da ya fasa katako ba. Ɗan gidan maƙera ya ce masa, "Baba, ai haka kakanmu yake cewa, kada ka yi ɗinkin da ɗanka ba zai iya warwarewa ba." Tun daga ranar ba a raba su.

Iska dai ta samu mai ita. Lantarki ne ya tsaya mana a wuya, a nan kuma batun takarda ya taso.

Wayoyin akwatin an naɗe su ne da zaren auduga, a da kowace da launinta, amma shekaru sun mai da su duka ruwan ƙasa. Tunda jirgin yana kewayawa ba iyaka, wayar da ta taso daga tebur ba ta shiga cikinsa kai tsaye, sai ta bi ta wasu zobban tagulla da ke jere a kan ginshiƙi, kowane zobe da abin da yake ɗauke da shi. Injiniyanmu ya ce shi ba zai sa wuta a abin da bai ga zanensa ba, domin kuskuren zobe ɗaya na iya ƙona agogon da babu mai ƙera irinsa a yau. Daɗin daɗawa, bayan yaƙi wani ya yi wa akwatin kwaskwarima don ya ci wutar Ingila, ya ƙara taransifoma da wayoyin da ba su cikin tsarin asali, bai kuma bar ko layi ɗaya a rubuce ba. Mun yi masa addu'a iri-iri, ba duka ne za a iya bugawa a mujalla ba.

Farantin da ke jikinsa ya ce samfurin ANT-18 ne, wanda sojan ƙasa da na ruwa na Amurka suka yi tarayya a kansa. Sai muka ɗauka an gama, a nemo littafin ANT-18 kawai. Ashe littafin ba ɗaya ba ne. Akwai na malami, wanda ke bayanin darussa. Akwai na makaniki. Akwai na jerin kayan gyara da lambobinsu. Kowannensu kuma ba a ɗinke yake ba, shafuka ne a cikin fayil, idan aka sauya wani abu a masana'anta sai a aiko da sabon shafi a ce a cire tsohon. Saboda haka kofi biyu masu suna ɗaya na iya saɓa wa juna, ya danganta da ko akawun sansanin mai himma ne ko rago. Ga kuma samfura barkatai, C-3 da D-2 da C-8, har da D4 da wani kamfani ya ƙera a Aylesbury ta Ingila bayan yaƙi, duk kamarsu ɗaya daga waje kamar 'yan gida ɗaya, cikinsu kuwa kowa da halinsa. Irin waɗannan takardu akwai su a manyan ma'adanai: na sojan saman Ingila a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kew da kuma gidan tarihin sojan sama na Hendon, takardun shi Link kansa kuma a ɗakin karatu na Jami'ar Binghamton. To amma mu abin da muke nema shi ne takardar da ta dace da wannan akwati namu, da lambarsa, da shekararsa.

Littafin malami bai yi wuya ba, yana intanet. Na makaniki ma mun same shi a can, muka yi murna har da sayen tsire, sai da muka kai ƙarshensa murna ta koma ciki. Zanen wayoyin a kan doguwar takarda yake, mai ninki huɗu ko biyar, wanda ya ɗauki hoton littafin kuwa bai warware ninkin ba. Abin da muka samu shi ne kusurwar sama ta hagu, da kan magana, da wayoyi bakwai da suka taso suka nufi dama suka ɓace. Wanda ya taɓa karanta littafin soyayya na haya ya tarar an yage shafin ƙarshe zai gane halin da muka shiga. Wani dillalin tsofaffin littattafai ya ce yana da na asali, ya yanka kuɗin da ya fi abin da gidan tarihin ke samu a wata, da muka roƙe shi ya tabbatar mana zanen na ciki kafin mu biya sai ya daina amsa mana.

Matambayi ba ya ɓata. Magatakarda ya zauna ya rubuta wasiƙa sama da 40, zuwa ƙananan gidajen tarihi da ƙungiyoyin tsofaffin soja a ƙasa biyar. Yawanci shiru. Wasu suka amsa da cewa su ma abin da suke nema ke nan, idan mun samu mu tuna da su. Bayan wata bakwai ambulan ya iso daga Ostareliya, daga wani mai aikin sa-kai irinmu. Ya ɗauki hoton zanen a falle shida, ya sa wa kowane lamba, ya ce mu haɗa da salatif. Muka shimfiɗa a ƙasa muka durƙusa a kai kamar masu karatun allo. Abin da ya fi zanen daraja kuwa shi ne rubutun fensir da ke gefensa, na wani makanikin zamanin yaƙi da bai sa sunansa ba. A wuri ɗaya ya ja kibiya ya rubuta cewa a akwatunan da aka ƙera daga baya an musanya wayoyi biyu, littafin bai nuna ba. Injiniya ya ɗauki mitarsa ya auna, ya tarar namu na daga baya ne. Da babu wannan layi guda na fensir, da littafin hukuma da kansa ne zai sa mu ƙona agogo.

Ta biyu kuma daga Amurka ta zo. Sojan ruwan ƙasar ya ɗauki mata da yawa aikin koyar da tuƙi a wannan akwati, ana horar da su a Atlanta. Wata dattijuwa da ta ji labarinmu ta aiko mana da hotunan littafin makarantar mahaifiyarta, wadda tana cikinsu. Rubutu ne na 'yar shekara ashirin da 'yan kai, tsaf-tsaf, ta zana kowane bawul da hannunta, ta kuma rubuta abubuwan da babban littafi ya ga sun yi ƙanƙanta a faɗa: wane ƙulli ake fara kwancewa da safe, minti nawa ake barin inji ya ɗumama, irin ƙarar da ke nuna bel ya saki, da abin da za a ce wa ɗalibin da ya fito yana jiri don kada ya ji kunya. Mu dai a ganinmu wannan ɗan littafi ya fi na hukuma zama rubutu, domin marubuciyarsa ta san wanda take yi wa magana.

Sauran aikin ba ya buƙatar dogon bayani. An gwada fentin agogunan kafin a buɗe ko ɗaya, domin da yawa daga agogunan jiragen wancan zamani ana shafa musu sinadarin radiyam don su yi haske a duhu, ƙurarsa kuwa guba ce. An sauya wayoyin da suka ƙone. Wutar Amurka tana kai-komo sau 60 a sakan, ta Ingila, kamar tamu ta Nijeriya, sau 50, injinan ƙaguwa kuwa da wannan bugun suke auna gudunsu, don haka a wutar Ingila sai ta rage kashi ɗaya cikin shida na tafiyarta, taswira ta yi ƙarya. Aka sayo 'yar na'urar zamani mai ba da 60 aka ɓoye ta a ƙarƙashin tebur. A watan Maris na 2024 aka kunna. Fanka ta ɗauki kuka, zugazugan suka ja numfashi, akwatin da ya yi shekaru a gicciye ya miƙe zaune. Baba ya cire tabarau ya goge, ya ce ƙura ce.

Tuƙa shi kuwa wani abu ne dabam. Da an rufe murfi, zafi da ƙarar iska ke fara yi wa mutum maraba, sai muryar malami a kunne. Darasin farko abu uku ne, a bi su a jere ba fashi: allura, ƙwallo, gudu. Allura ke nuna ko ana juyawa, ƙwallon da ke cikin lanƙwasasshiyar kwalba ke nuna ko ana zamewa gefe, agogon gudu ke nuna ko hanci ya yi sama ko ƙasa. Ido ba ya zama a kan ɗaya, wanda duk ya ƙura wa agogo guda ido sauran biyun sun gudu. Sai juyin ƙa'ida, digiri uku a sakan, wato minti biyu a zagaya a dawo, ana yi ana kallon agogon lokaci. Sannan a shiga neman gida da kunne. A wancan zamani tashar rediyo kan aika harafin A na tangaraho, gajere da dogo, ta wasu fuskoki, da harafin N, dogo da gajere, ta wasu. Inda suka haɗu sai su cike giɓin juna su zama ƙara guda miƙaƙƙiya, wannan ce hanya. Idan ka iso daidai saman tashar sai komai ya yi tsit na ɗan lokaci. Malami ne ke murɗa wannan sauti daga tebur yana kallon ƙaguwa. Duk baƙon da ya shiga karon farko yakan fito yana cewa ai ya tafi sak, sai a nuna masa jan layinsa a taswira, kamar sawun akuyar da aka ɗaure a turke.

Gaskiya ɗaya ce, akwatin yana da tasa ƙaryar. A jirgin gaske idan aka yi juyi mai kyau mutum ba ya jin yana zubewa gefe, a nan kuwa yana ji, tunda a ƙasa yake. Sandarsa ma ba ta da nauyi, kuma ya cika zumuɗi. Wani matashi da ya koyi tuƙi a kwalejin Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ya kawo mana ziyara, ya zana mana murabba'i a taswira kamar da rula, ya fito sharkaf da gumi ya ce, "Malam, wallahi na'urorinmu na yanzu sun fi wannan tausayi." Amma ya yarda cewa abin da akwatin ke koyarwa, wato tarbiyyar ido da ƙin biye wa jiki, shi ne dai abin da aka koya masa.

Kwamiti ya janye hukuncinsa, da sharaɗin mu rubuta littafin kula da akwatin. Muka rubuta da Turanci. Daga baya muka ce me zai hana mu gwada da Hausa, ko don mu ga inda harshen zai cije. Abin mamaki, bai cije inda muka zata ba. Zugazugi da allura da ƙaguwa duk suna nan suna jira. Motsin jirgi kuwa Hausa har ta yi rara: sunkuyo, ɗagowa, karkata, waiwaye, jirkicewa, tangaɗi, hajijiya. Inda muka kwana biyu muna gardama shi ne sunan wurin da aka zuƙe wa iska. Likita ya ce "zuƙa" ta isa, kamar yadda wanzami ke yi da ƙaho, kowa kuma ya san ƙaho na kama fata ne don an zuƙe iskar cikinsa. Injiniya ya ce zuƙa aiki ce, shi kuwa sunan hali yake nema. Muka bar ta a zuƙa, shi kuma ya sa a rubuta a gefe cewa bai yarda ba.

A nan ne muke son mu ɗan ja hankalin ƙannenmu masu tasowa, waɗanda kullum a taro suke cewa sun rasa abin rubutawa. A garuruwanmu akwai dattawan da suka jera haruffan dalma a maɗaba'ar Gaskiya ta Zariya, da waɗanda suka hura wutar jirgin ƙasa mai gawayi, da waɗanda suka tsaya a kan injinan masaƙun Kaduna, da masu haska majigi. Wani yana da ɗan littafin aljihu a ƙasan adaka, wani kuwa a kansa kawai abin yake. Ba tarihin rayuwarsa kaɗai za a tambaye shi ba, a tambaye shi me hannunsa ke fara taɓawa da safe, wace ƙara ce ke tsorata shi, me littafin Bature ya ce wanda shi ya tarar ba haka ba ne. A rubuta sunan injin da lambarsa da shekararsa, a zana ko da zanen bai yi kyau ba, idan kuma an ɗauki hoton takarda, don Allah a warware ninkin.

Namu littafin yanzu ya kai shafi 94, kuma mun aika kofi ga duk waɗanda suka ce mu tuna da su. Abu ɗaya ya rage. Akwai wata na'ura mai ƙafafun haƙora da yawa da ke sa iska ta riƙa ture ƙaguwa gefe, don ɗalibi ya koyi gyara hanyarsa. Zanenta na hannunmu cikakke, da lambar kowane haƙori, amma mazauninta a akwatinmu wayam yake, sai ramukan ƙusa huɗu. Wani mai injin sassaƙa ƙarfe a ƙauyen ya ce zai iya yanka mana haƙoran idan muka kai masa awo. Baba kuwa hannunsa ya fara rawa tun sanyin da ya wuce, ya daina riƙe wuƙa, don haka duk Asabar yana zaune a kujera yana faɗa, likita na yankan ƙyalle, magatakarda na rubutawa. Mun kai babin dafa gam.